Lakwal ɗin Maser a Birnin Adar

Mai zuwa Tahoua daga Yamai ba ya samun barcin kirki a daren tafiya, domin manyan motocin bas tun kafin kiran assalatu suke tashi. Tafiyar kilomita wajen 550 ce, kuma hanyar ba miƙe take ba. Gabas ake fara yi a kan titin Maraɗi, a wuce Kure inda raƙuman dawa suke (mu dai a duhu muka wuce, ko wuyan ɗaya ban hango ba), a wuce Dosso, a ga dutsen Dogon Dutsi ya taso, a sauka Birnin Ƙonni a yi salla a taɓa abinci. Sai an kai Tsarnawa mota ke karya kwana ta yi arewa. A Tsarnawa hanci ke fara gaya maka inda kake: buhunan albasa ne jibge a bakin titi, an cika su har sun yi tozo, manyan motoci na jiran lodi zuwa Gana da Abijan. Daga nan ƙasa ta sake kama, ta koma ja, ga duwatsu ga fako ga kwaruruka, har a wuce Badagishiri. Shingayen jami'an tsaro kuwa ba a magana, katin ɗan ƙasa ya fita aljihu ya koma har na gaji na bar shi a hannu.

Bikin aure ne ya kai ni. Babban ɗan yayana ya dawo daga ci-rani, kamar yadda samarin Adar suka saba, aka ce gara a ɗaure masa aure kafin ƙafarsa ta sake yin ƙaiƙayi. Yayan nawa ɗan wan mahaifina ne, Alhaji ne, fataucin albasa yake yi, kuma mutum ne da ba a raba shi da sahun farko a masallaci.

Ranar da mata suka taru kawo gudummawa, na shiga cikin gida neman ruwan alwala sai na tarar da abin da ya tsayar da ni. Autar gidan, yarinya da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, tana zaune a kan tabarma kusa da uwarta da kaye, wato littafin rubutu, a cinya. Kowace mace ta ajiye abin da ta kawo, yarinyar ta rubuta. Wata tsohuwa ta ce dala ɗari biyu, yarinya ta rubuta 1.000 F. Wata ta ce jika biyu da rabi da turmin atamfa, ta rubuta 2.500 F, ta ja layi, ta sa atamfar a wani gefe da ta ware wa kaya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wahalar wannan lissafi, a ji kuɗi da dala a rubuta shi da faran, a ninka da biyar a ka cikin hayaniyar mata da guɗa. Ban ga ta ƙirga yatsu ba. Rubutun kuma a tsaye, kowane baƙi a kan layinsa. Da shafi ya cika ta tara jimla a ƙasa, ta ɗauke ta zuwa saman sabon shafi.

Da dare na tambayi Yaya wace lakwal take, wato wace makarantar boko.

"Ta mishan," ya ce, yana zuba shayi.

Ya ga na yi shiru, sai ya yi dariya. "Mi ne ne na mamaki, ƙanena? Ɗiyana huɗu can munka sa su. Wace ce ka gani ta bar salla?"

Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce haka nake nufi, kuma ba ni na fara ba. Sai ya yanke hukunci irin na manya: ranar Litinin in ɗauki babur ɗinsa in kai Auta da kaina, in kuma miƙa wa Maser, wato sistar cocin Katolika da ke riƙe da makarantar, kason kuɗin makaranta na biyu, tun da shi yana da lodi a Tsarnawa.

Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe gari. Muka fita Auta na bayana ta naɗe hannuwa cikin hijabi, tana nuna mini hanya da haɓa. Titi cike da kabu-kabu da adaidaita, kowanne ɗauke da yara. Makarantar ƙarama ce, ginin siminti mai aji shida daga CI, ajin farko, zuwa CM2, na ƙarshe, da fili a tsakiya, da itatuwan dogon yaro, da randunan ruwa a inuwa kowace da murfinta da moɗa a rataye. Ƙararrawar ma ƙarfen tayar mota ce da aka rataye a reshe.

Maser ɗin da ke shugabantar makarantar tana tsaye a bakin ƙofa. Dattijuwa ce, ba ƴar ƙasar nan ba, daga wata ƙasa ta kudu ta zo, Hausarta da ɗan karkace amma ba ta jin kunyar yin ta. Na ja gefe ina kallo kafin in gabatar da kaina, kuma abin da na gani a ƴan mintocin nan shi ya fi zauna mini a rai a duk ziyarar. Ba yaron da ya wuce ta ba ta kira sunansa ba. Wannan ta tambaye shi jikin kakarsa. Waccan ta tsayar da ita ta duba idonta da ya yi ja, ta ce ta same ta a ofis lokacin hutun ƙarfe goma. Wani ɗan mitsitsi ya zo da takalmi ƙafa a juye, ta durƙusa ta gyara masa tana yi masa tsiya. Da wani uba ya sauke ɗansa zai juya babur, ta ɗaga masa hannu: "Alhaji, jiya ba ka sa hannu a kayensa ba." Mutumin ya kashe babur ya sauko yana ba da haƙuri.

Aka buga ƙarfe, aka yi layi, aka ɗaga tuta da sabon taken ƙasa da aka sauya a 2023. Bayan nan na kai saƙon Yaya, ta rubuta mini rasit, na roƙi izinin in zauna a wani aji. Ba ta amsa nan take ba, sai da ta je ta tambayi malamin, ta ce ajinsa ne ba nata ba.

Mushen CE2, wato malamin aji huɗu, Musulmi ne, da tabon sujada a goshinsa. Daga baya na lura akasarin malaman haka suke, har da madam ɗin CI mai dogon hijabi. A saman babban allo akwai ƙaramin gicciye na itace. A ƙasansa kwanan wata da Faransanci, sai jimla ɗaya ta tarbiyyar ranar, wadda ma'anarta ita ce abin da ka tsinta ba naka ba ne sai ka nemi mai shi. Da shigata yara suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe ni, aka ba ni benci a baya.

Lissafin ka ake yi, da tsohuwar dabarar nan ta La Martinière da duk wanda ya yi lakwal ya sani. Kowane yaro da ƙaramin allonsa da guntun alli da tsumma. Mushe ya faɗi tambaya sau biyu, bakwai sau takwas, yara sun ɗaga alli sama ba mai rubutu. Ya ƙwanƙwasa tebur da rula, kawuna suka sunkuya, ba ka jin komai sai ƙarar alli. Ya sake ƙwanƙwasawa, alluna suka tashi sama lokaci guda kamar tashin tsuntsaye daga gonar hatsi. A kallo ɗaya ya ga ajin duka. Ni ma an yi mini wannan a lakwal ɗin gwamnati a Maraɗi, amma a zamaninmu abin da ke biyo bayan ɗaga allo shi ne bulala ga wanda ya kuskure. Nan sai na ga mushe ya wuce masu 56 bai ce musu komai ba, ya tsaya gaban wani yaro da ya rubuta 54. Bai ce masa ya yi kuskure ba. Ya ce ya zo allo ya jera bakwai bakwai har sau takwas ya tara. Yaro na tarawa murya na rawa, sai wani na kusa da shi ya kece da dariya. Mushe bai ɗaga murya ba. Ya jira na allo ya kai 56 da kansa, ya sa aka tafa masa, sa'an nan ya juya ga mai dariyar ya ce tun da shi ya iya, daga yau har Juma'a shi zai zauna da ɗan'uwansa lokacin hutu su bi jadawalin bakwai, kuma ranar Juma'a in ɗayansu ya faɗi to su biyun ne suka faɗi. Dariya ta koma ciki.

Na karɓi kayen wata yarinya na duba. Kowane shafi da jan biro a kai, kowane gyara da kwanan wata, kuma duk kalmar da ta kuskure a shifta ta sake rubuta ta a ƙasa. A ƙarshen kowane mako ga sa hannun mushe, ga na uba, wani wurin ma dangwalen yatsa ne. Na buɗe na wani yaro daga can wani layi don kada a ce an zaɓo mini, shi ma haka. Wannan aikin ba na gaban baƙo ba ne, aikin dare ne da fitila, kuma shi ne abin da ba a iya yi wa ƙarya.

Lokacin hutu Maser ta zagaya da ni. Kowane aji da itacen da yake shayarwa, da jerin masu shara a manne a ƙofa, maza da mata a haɗe, ɗan mai kuɗi da ɗan maigadi duk tsintsiya ɗaya. A ƙofar ofishinta akwai wani kwali na tsintuwa. Na leƙa ciki: marfin biro, ɗan kunne ɗaya, takalmin roba wari guda, da ƙwandalar dala biyar. Ta ce kuɗin tun makon jiya suke nan ba wanda ya zo nema, kuma ba wanda ya ɗauka. Akwai kuma asusun gwangwani da yara ke jefa abin da ya samu, in wani ya kwanta asibiti ko aka yi rasuwa a gidansu sai ajinsu ya tafi gaisuwa da abin da aka tara.

Na yi mata tambayar da ta kawo ni ba tare da kewaye-kewaye ba: ana koya wa yaran nan addinin Kirista?

Da alama ta saba da tambayar. Ta ce tsarin karatu na gwamnati ne, sufetocin gwamnati ke zuwa dubawa, jarrabawa ma ta ƙasa ce. Karatun addini na yaran Kirista a coci ake yi, ba a cikin awannin aji ba, kuma ba a kiran ɗan Musulmi. "Malam," ta ce, "iyaye amana suka ba mu. In na ci amanar mutum ɗaya, gobe duk garin ya ji." Ta ce ita dalilinta na tsayuwa a ƙofa kowace safiya daga addininta ya fito, ba ta ɓoye wannan, domin ta yi imani kowane yaro Allah ya san shi da sunansa. Amma abin da take nema daga yaro shi ne gaskiya da tsabta da zuwa a kan lokaci da tausayin na ƙasa da shi, kuma ba ta taɓa samun uban da ya ce ba ya son ɗansa da waɗannan ba.

Yaran Kirista a makarantar tsiraru ne, yawanci ƴaƴan ma'aikata da masu sana'a da suka zo daga Benin da Togo da Burkina Faso da kudancin Najeriya. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Cocin Katolika ma ba ta daɗe sosai a Nijar ba: a 1931 wani fada Bafaranshe, François Faroud, ya kafa mishan ta farko a Yamai, kuma sai a 1961 Yamai ta samu bishop nata, Hippolyte Berlier. A tsarin coci Tahoua tana ƙarƙashin Maraɗi ne, wadda aka ware a 2001 aka haɗa mata har da Damagaram da Agadas da Diffa, bishop ɗinta na farko kuma Ambroise Ouédraogo ne, ɗan Burkina Faso. Sai a 2013 aka naɗa ɗan ƙasa na farko a matsayin bishop, Laurent Lompo, wanda daga baya ya zama babban bishop na Yamai. Jama'a mai ƙaranci haka a faɗin ƙasa irin wannan, in ta buɗe makaranta dole ƴaƴan Musulmi ne za su cika ta, kuma tun farko sun san da haka. A Yamai ma haka abin yake a Mission Garçons da Mission Filles.

Ba duk abin da na gani ne ya kwanta mini ba. Na leƙa ajin CI, inda yara ƴan shekara shida suke, na tarar ana fama da su da Faransanci zalla tun daga "tashi" da "zauna". Wata yarinya madam ta tambaye ta abu, ta yi tsuru tsuru, hawaye ya kawo. Da aka fito hutu na ji wannan yarinyar tana ba ƙawayenta labari da Adarci, baki ba ya tsayawa. Yarinya ba ta rasa wayo ba, harshe aka ɗauke mata. Ba a rataya wa kowa ƙashi a wuya don ya yi Hausa, kamar yadda aka yi mana da, amma shirun iri ɗaya ne. Na gaya wa Maser haka. Na tuna mata cewa tun cikin shekarun 1970 ƙasar nan ke gwajin makarantun da ake fara karatu da harshen uwa, kuma dokar da aka kafa a watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Ta ce ba ta musa ba, malamanta ma sukan saki Hausa in abu ya cije. Amma iyayen da ke biyan kuɗi Faransanci suka zo saya, in yaro ya koma gida yana karanta Hausa sai uba ya ce ai wannan da ita aka haife shi. Na san gaskiya ta faɗa, don Yaya ma haka zai ce. Ban dai canza ra'ayi ba.

Na biyun shi ne katanga. A bakin ƙofa lokacin hutu akwai ƴan mata masu tallan ƙosai da awara da goruba, sa'o'in Auta, suna miƙa wa na ciki ta tsakanin ƙarafa. Makarantar kuɗi ce, ko da ba ta kai wasu masu zaman kansu tsada ba. Maser ta ce akwai yaran da ake ɗauke wa kuɗin a asirce, ko malamansu ba su san ko su wane ne ba, amma ta yarda ba su da yawa. Sauran yaran gari suna makarantun gwamnati, inda aji ɗaya kan cika ya batse, wasu azuzuwan ma rumfunan zana ne. Ba wanda ya manta gobarar watan Afrilu na 2021 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, kowace ta ci yara ashirin ko fiye a irin waɗannan rumfuna. Ba na ɗora wa malaman can laifi. Mai aikin kwantiragi da ke jiran albashi, da yara fiye da yadda ido zai iya ƙirgawa a gabansa, ina zai samu daren da zai bi kowane kaye da jan biro? Amma kuma in aka cire ginin siminti, yawancin abin da ya burge ni a wannan makaranta ba da kuɗi ake sayensa ba. Malami ya zo kullum, in bai zo ba shugaba ta ɗauki alli ta shiga ajin da kanta, a san sunan yaro, a kira ubansa in ya yi latti maimakon a zane shi.

Da yamma Auta ta dawo, ta ci abinci, ta ɗauki allonta na itace ta tafi makarantar malam a zauren maƙwabta. Tana izu na nawa ban riƙe ba, amma na ji ƙira'arta daga inda nake zaune.

Bayan isha muka zauna shan shayi da cuku, na kawo wa Yaya zancen Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai a ranakun 16 da 17 saboda zanen ɓatancin wata jaridar Faransa, har mutum goma suka rasa rayukansu. Bayan abin, shugabannin cocin Katolika sun dakatar da makarantunsu da wuraren shan magani na wani lokaci. Yaya ya ajiye kofi.

"Zanen nan ya ƙona min rai kamar kowa," ya ce. "Amma wanda ya yi shi yana Faransa. Da anka rufe lakwal, ɗiyan wa sunka zamna gida? Namu. Mu munka tahi da ƙafarmu muna ba su haƙuri su buɗe."

Hajiya, matarsa, ta fito da wani faranti ta ce mu bar tsohon zance, ga sabo. Auta tana CM2, bana za ta gama. Yaya so yake ta wuce Yamai, Collège Mariama, wadda ita ma ta mishan ce, kuma a gidana yake so ta zauna. Hajiya ta ce ba inda autarta za ta, akwai kwaleji a Tahoua, har jami'a akwai, wa zai riƙa rubuta mata lissafin adashi?

"Kai kuma, mijina," ta juyo kaina da wasan da ke tsakaninmu, "kai da ko tuwo ba ka iya kwaɗawa, kai za ka riƙe min ɗiya?"

Na ce ai ba ni kaɗai ba ne a gidan, ƙanwarta na nan. Auta tana bakin ƙofar ɗaki tana jin mu, ta yi kamar tana goge allo. Yaya ya tambaye ta ita me take so. Ta ce likitar mata take son zama, kuma Maser ta ce mata sai ta dage da lissafi da kimiyya ko a ina ta yi karatun. Hajiya ta ce to ga shi nan, ko a ina. Yaya ya ce ba a gama magana ba.

Aka tsaya a kan in na koma Yamai in je in tambayo kuɗin shekara da ranar da ake karɓar takardu, in kira shi kafin azumi. Hajiya kuma ta ce in zan kira, in kira a wayarta.